Gadin Iyaka Ibada Ne: Matasan Kazaure da Babura da Batun Wajabta Horon Soja

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya aminci cikin manyan ni'imominSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, kwanakin baya da aka idar da sallar Juma'a, wani dattijo daga wani ƙauye na ƙasar Roni ya tare mu a ƙofar masallaci, ɗansa saurayi yana biye da shi. Yaron ya sauke Alƙur'ani, ya gama sakandare, ya shekara biyu ba aikin fari ba na baƙi, sai ci-rani a Kano da rani, da damina ya dawo gona. Ya ji an buɗe ɗaukar kuratan soja, yana so ya cike takarda. Dattijon ya ce, "Allah gafarta Malam, a yi masa nasiha. Mu a gidanmu ba a taɓa yin soja ba. Ina tsoron ya rasa ransa, amma na fi tsoron ya rasa sallarsa." Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, in kowa ya hana ɗansa, ɗan wa zai tsare mu?"

Ba mu iya warware wannan magana a tsaye ba, domin kowannensu yana da gaskiya a bakinsa. Wannan rubutu shi ne doguwar amsar da muka yi musu alkawari, kuma muna fatan ta amfani sauran gidaje da ɗalibai.

Wutar da ke ci a maƙwabta

Allah Ya yi wa jihar Jigawa sutura. Tun da aka ƙirƙiro ta a 1991 ana lissafa ta cikin jihohin da suka fi zaman lafiya a Arewa. Sai dai wanda ya dubi taswira zai ga inda muke zaune. Roni da Gwiwa suna jingine da jihar Katsina. Kazaure tana kan hanyar Kano zuwa Daura. Babura kuwa tana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, tana fuskantar ƙasar Damagaram. Duk abin da ya taso daga yamma ko daga arewa, mu ne ƙofarsa.

Ba mu manta da daren da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020 ba. Mun ga manoma a Katsina da Zamfara sun bar gonakinsu, wasu sai sun biya ɓarayin daji haraji kafin su girbe abin da suka shuka da hannunsu. Har ta kai gwamnatin Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, ta Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a watan Janairun 2024. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Tambayar ita ce, wane irin ruwa za mu shafa, kuma wa zai ɗebo shi?

Abin da Shari'a ta ce game da tsaro

Malaman usulu sun ce Shari'a ta zo ne don kare abubuwa biyar: addini da rai da hankali da zuriya da dukiya. Babu ɗaya cikinsu da yake tsayuwa in ba aminci. Garin da ake tsoron fita sallar Asuba, jam'insa ya mutu. Ƙauyen da aka kora, makarantar allonsa ta watse. Shi ya sa Annabi Ibrahim (AS), a addu'arsa ga Makka cikin Suratul Baƙara, ya roƙi aminci kafin ya roƙi arziki.

A aya ta 60 ta Suratul Anfali, Allah Ya umarci muminai da tanadin ƙarfi gwargwadon iko, domin abokin gaba ya ji shakka tun kafin ya taso. A hadisin Uƙbatu ɗan Amir (RA) da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya fassara wannan ƙarfi da iya harbi, har sau uku. Ayar ƙarshe ta Suratu Ali Imrana ta haɗa haƙuri da ribaɗi, wato zaman dako a bakin iyaka don tsare na baya. Hadisin Salmanul Farisi (RA) ya nuna ribaɗin yini da dare ya fi azumin wata guda da tsayuwarsa, Tirmizi kuma ya ruwaito cewa idon da ya kwana yana gadi saboda Allah wuta ba za ta taɓa shi ba.

A mazhabarmu ta Malikiyya, duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid ya san hukuncin. Tsaron al'umma farilla ce ta kifaya: in wasu suka ɗauka ta yadda ya wadatar, ta faɗi a kan saura, in ba su wadatar ba, laifin yana wuyan duk mai iko. Littafin ya bayyana cewa falalar ribaɗi tana ƙaruwa gwargwadon tsoron da mutanen wurin suke ciki, kuma ba a fita sai da izinin iyaye, in ba abokan gaba ne suka afka wa gari ba. Muhtasar na Halilu ya ƙara da cewa farillar tana komawa ta aini a kan mutumin da shugaba ya ayyana. Nan ne tushen maganar wajabci yake. A yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, da aka yi shelar fita ga kowa, Ka'abu ɗan Malik da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya (RA) sun zauna ba da uzuri ba, aka ƙaurace musu kwana hamsin har Allah Ya karɓi tubansu. Idan da fita ganin dama ce a ko da yaushe, da ba a yi musu wannan horo ba.

Mu jikokin masu ribaɗi ne

Wanda ya ce ba a san ɗaukar makami a gidajen malamai ba, bai karanta tarihin ƙasar nan ba. A Tabkin Kwatto, a 1804, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne ya jagoranci runduna, mutumin da ya rubuta tafsiri da littattafan fiƙihu da nahawu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da ribaɗi ginshiƙin mulkinsa. Ya gina garuruwa a kan iyakoki, ya zaunar da jama'a a cikinsu suna noma suna karatu suna gadi. Shi da kansa ya tare a ribaɗin Wurno, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake.

Ƙasarmu ma da haka ta ginu. Ɗantunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure a farkon ƙarni na 19, yana cikin jagororin jihadi a arewacin Kano. Da saɓani ya shiga tsakaninsa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, Sakkwato ce ta raba gardama, Muhammadu Bello ya tabbatar wa Kazaure matsayinta. Darasin da ke nan babba ne: takobi komai kaifinsa yana komawa ƙarƙashin hukuncin shugabanci. Babura, wadda a lokacin take cikin ƙasar Kano, garin bakin daga ce, domin daga Damagaram aka sha kawo wa Kano hari har ƙarshen wancan ƙarni. Kakanninmu sun yi noma da kwari da baka a rataye. A zamaninmu kuma, ɗan Babura, tsohon gwamna Muhammad Badaru Abubakar, aka naɗa Ministan Tsaro a watan Agustan 2023.

Daga ina ƙyamar kaki ta samo asali?

Tsoron dattijon nan na Roni yana da tarihi, kuma bai kamata a raina shi ba. Rundunar sojan Nijeriya ta samo asali ne daga 'yan tsirarun Hausawan da Bature Glover ya tara a Ikko a 1863. Daga baya, rundunar da Lugga ya tura ce ta ci Kano a watan Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli. Kakanninmu sun fara ganin kaki ne a jikin wanda ya zo rushe daularsu. Daga nan kalmar "bariki" ta zama tana nufin wurin da ba tarbiyya, "ɗan bariki" ya zama zagi.

Amma shugabannin Jamhuriya ta Farko sun gane cewa zamani ya juya. Sardauna Ahmadu Bello da Ministan Tsaro Muhammadu Ribaɗu sun yi ta kwaɗaitar da ɗaliban Arewa shiga soja, domin sun san al'ummar da ta bar wa wasu tsaronta, ta bar musu makomarta. Yau makarantar horar da kurata tana Zariya, kwalejin horar da hafsoshi ta NDA tana Kaduna tun 1964. Akwai masallatai a barikoki, kuma rundunar tana da sashen kula da harkokin addinin Musulunci mai limamai masu muƙamin hafsa. Sojan da ya bar salla, shi ya bari. Da yawa kuma sun bar ta a tashar mota da wuraren ci-rani ba tare da sun taɓa sa kaki ba.

Shubuhar da ta ci rayuka

Akwai masu cewa bai halatta Musulmi ya yi soja a ƙasar da ba a mulki da Shari'a ba. Wannan magana ita ce Boko Haram ta gina kafirta jama'a a kanta, kuma mun ga 'ya'yanta: harin da aka kai Babban Masallacin Juma'a na Kano a watan Nuwamban 2014, da kisan Sheikh Albani Zariya a watan Fabrairun shekarar.

Sira ta ba da amsa. Da Annabi (SAW) ya isa Madina, yarjejeniyar da ya ƙulla ta ɗora wa Musulmi da Yahudawan garin haɗa hannu a kan duk wanda ya kawo wa Yasriba hari. Sahabban da suka yi hijira Habasha sun yi wa Najjashi addu'ar nasara a kan wanda ya yi masa tawaye, suka yi murna da ya yi rinjaye. Annabi Yusuf (AS) ya riƙe taskokin Masar a ƙarƙashin sarkin da ba ya kan addininsa. Aya ta 40 ta Suratul Hajji ta ambaci ɗakunan ibadar ma'abota littafi tare da masallatai cikin abubuwan da ake karewa daga rushewa. Sojan da ya tsaya tsakanin ɗan bindiga da matar aure a ƙauye, da niyyar kare rai da mutunci, yana cikin aikin da Shari'a ta yi umarni da shi. Hadisi ya tabbatar da shahada ga wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa, ina ga wanda aka kashe yana kare na al'umma?

Me ya sa muke ganin a wajabta?

Dokar ƙasa ta riga ta buɗe ƙofa. Sashe na 24 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya kare Nijeriya cikin wajiban ɗan ƙasa. Sashe na 220 ya yi tanadin horon soja na dole idan Majalisar Tarayya ta yi doka a kai, kuma kafin nan ya bai wa Shugaban Ƙasa damar samar da horon a makarantun sakandare da na gaba da su da suka nema. Ba mu ne farau ba. Masar da Turkiyya da Aljeriya sun daɗe da wannan tsari, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fara a 2014, Maroko ta dawo da shi a 2019 bayan ta soke shi a 2006.

Dalilinmu na farko shi ne kifayar ba ta samu ba. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, sojojinta duka ba su kai rabin miliyan ba, kuma an warwatsa su a kusan kowace jiha suna aikin da na 'yan sanda ne.

Na biyu, matasa sun riga sun ɗauki makami, da doka ko ba doka. A Maiduguri 'yan kato da gora sun taimaka wajen korar Boko Haram daga birnin a 2013. A Zamfara kuwa, 'yan sa-kai marasa horo da kulawa sun yi kisan kan mai uwa da wabi, ramuwar gayya ta ƙara rura wutar tsakanin Hausawa da Fulani, 'yan'uwan juna a addini da auratayya. A ƙasar Kazaure, inda Bahaushe da Bafulatani suke sahu ɗaya, wannan shi ne abin da ya fi kamata mu guje wa. Makami a hannun wanda aka horar, aka rubuta sunansa, yake da shugaban da zai tuhume shi, ya fi aminci a kan makami a hannun mai fushi.

Na uku shi ne adalci. A yau ɗan talaka ne yake cike takardar kurtu, shi ake kaiwa daji, shi ake kawo wa uwarsa labari. Ranar haƙa ramin Handaƙu, a shekara ta 5 bayan Hijira, an raba aikin ne a kan kowa, Annabi (SAW) da kansa yana ɗaukar ƙasa. Ranar da ɗan gwamna da ɗan manomi za su kwana a tanti ɗaya, ranar ce masu mulki za su damu da ingancin bindiga da abincin soja.

Na huɗu, tarbiyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saurayin da ya saba da tashin asuba da kiyaye lokaci da jure wahala, ya koyi ba da agajin gaggawa da wata sana'a, ya fi wanda ya tashi a majalisar bakin titi inda ƙwaya take yawo. Shirin yi wa ƙasa hidima na NYSC, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, ya nuna wajabci abu ne mai yiwuwa. Sai dai masu digiri da babbar difloma kaɗai yake ɗauka, kuma faretin mako uku, kamar wanda ake yi a sansanin Fanisau da ke Dutse, bai isa a kira shi horon tsaro ba. (Mun zaɓi cewa hidimar ƙasa maimakon bautar ƙasa, domin bauta ta Allah ce Shi kaɗai.)

Sharuɗɗan da ba za mu sassauta ba

Wajabci ba da adalci ba zalunci ne, kuma mun ga yadda a Eritiriya hidimar da ba ta da ranar ƙarewa ta sa matasa suke tsere wa ƙasarsu. Don haka goyon bayanmu yana rataye da sharuɗɗa.

A ƙayyade shekaru. An mayar da Abdullahi ɗan Umar (RA) gida ranar Uhudu yana da shekara 14, aka karɓe shi ranar Handaƙu yana da 15, Umar ɗan Abdul'aziz ya mayar da wannan iyaka tsakanin yaro da babba. Manufar ita ce kada a kai yaro fagen fama, kuma shekara 18 da ake aiki da ita yau ta dace da wannan manufa.

A ƙayyade wa'adi. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA), wanda ya kafa diwanin albashin mayaƙa, ya hana a tsare soja nesa da matarsa fiye da 'yan watanni. Shekara ɗaya ta isa, a bar mutum ya koma gonarsa ko karatunsa.

A karɓi uzuri. Aya ta 91 ta Suratut Tauba ta ɗauke laifi daga raunana da marasa lafiya, aya ta 122 ta hana muminai fita gaba ɗaya don a samu masu neman ilimin addini. Annabi (SAW) ya mayar da wani mutum ya je ya kula da iyayensa. A wani aike kuma ya ce cikin kowane mutum biyu ɗaya ya fita, ladan a tsakaninsu. Tun da miliyoyin matasa ne suke cika shekara 18 a kowace shekara, ƙasa ba za ta iya ɗaukar su duka ba. A fara da horo a makarantu, a faɗaɗa hidimar ƙasa ta haɗa da masu sakandare da mahaddata, a zaɓi masu zuwa bariki da ƙuri'a a bainar jama'a, ba wanda zai fanshi ɗansa da kuɗi.

A biya haƙƙi. Albashi a kan kari, magani ga wanda ya ji rauni, fansho ga 'yan mazan jiya, kulawa ga marayu da matan waɗanda suka rasu. Wanda ya ci kuɗin makamai ko na abincin soja ya yi gululu, kuma Annabi (SAW) ya ba da labarin azabar wanda ya ɓoye mayafi ɗaya tak daga ganima.

A koyar da haramcin jini. Wasiyyar Sayyidina Abubakar (RA) ga rundunar Sham, wadda take cikin Muwaɗɗa, ta hana kashe mata da yara da tsofaffi da sare itatuwa masu 'ya'ya. Da Halidu ɗan Walid (RA) ya yi kuskure a kan Banu Jazima, Annabi (SAW) ya barranta daga aikinsa, ya aiki Sayyidina Ali (RA) ya biya diyya. Ba mu manta da Tudun Biri ba, inda jirgin soja maras matuƙi ya hallaka masu Maulidi da dama a watan Disambar 2023. Rundunar da take son iyaye su ba ta 'ya'yansu, dole ta riƙa amsa kuskurenta, ta biya diyya, ta hukunta mai ganganci. Shi kuma soja ya sani babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa, da ya ga son duniya ya shiga zukatan mayaƙa, ya bar runduna ya nufi gabas, ya yada zango a Kano, inda ya rubuta wa mutanenta Liya'ul Hukkami. Makami ba tsoron Allah musiba ne.

Kafin a yi doka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Doka tana hannun Majalisa, amma akwai abin da yake hannunmu. Limamai su yi bayanin falalar gadi a kan mumbari. Shugabannin makarantun Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa su nemi cin gajiyar sashe na 220. Masu unguwanni da dagatai su san baƙon da ya sauka a garinsu. Iyaye su daina ɗaukar soja a matsayin wurin jefa yaron da ya gagara, domin in muka tura marasa tarbiyya kaɗai, kada mu yi kuka da irin sojan da zai tare mu a hanya. Masu neman shiga su kiyayi 'yan damfara, rundunar ta sha bayyana cewa ba a sayar da gurbi.

Shi kuwa saurayin nan, mun gaya masa cewa tun da ba a ayyana shi ba, kuma abokan gaba ba su afka wa garinsu ba, bai halatta ya tafi ba da yardar mahaifinsa ba. Mahaifin kuma mun tuna masa cewa ajali ba ya jiran kaki, kuma yaron da ya sauke Alƙur'ani shi ne irin wanda ya fi dacewa a damƙa wa bindiga. Ya yi shiru, sannan ya ce zai yi istihara, ya kuma shawarci mahaifiyar yaron. Muka ce hakan ya yi.

Allah Ya tsare mana garuruwanmu da iyakokinmu, Ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu wajen kare bayinSa, Ya shiryi shugabanninmu ga adalci. Allah ne Mafi sani.